Muryar Jita Tana Cikin Haƙarƙarinta: Laccar da Aka Gabatar a Samnu

Dattawanmu, iyayen gidanmu mutanen Samnu da kuka shimfiɗa mana tabarma, 'yan'uwa kafintoci da makaɗa da kuka taso daga Sabha da Tamanhint da Zighan: Da Hausa zan yi magana, tunda ita ta haɗa yawancinmu a wannan zaure, na Agadas da na Damagaram da na Maraɗi, na Kano da na Katsina. Wanda kunnensa ya fi sabawa da Larabci ko Tamashek, na kusa da shi ya riƙa taimaka masa.

Maganata a kan aiki ɗaya ce daga cikin ayyukan mai ƙera jita, aikin da mai saye ba ya gani don a cikin akwati yake ɓoye. Kafin a ɗaura tsirkiya ko ɗaya, mai ƙira yakan ɗauki allon da zai zama fuskar jita, ya kai shi kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurara. Sai ya ɗauki cizal ya ɗan fere siraran itatuwan da ya manna a bayan allon, wato haƙarƙari, ya sake ƙwanƙwasawa. Haka zai yi ta yi har allon ya ba shi amon da yake nema. In kun ga jita biyu, katako ɗaya, girma ɗaya, wannan ta cika ɗaki waccan muryarta a shaƙe, yawanci a nan suka rabu.

Wani zai ce me ya haɗa Samnu da wannan? Tsohuwar hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus ta Sokna, ta nan ta ratsa: Zighan, Samnu, Tamanhint, Sabha, sannan Murzuk. Daga can ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Bilma da Borno, ɗaya ta bi Gat da Abzin zuwa Katsina da Kano. Turkuɗi da jar fatar Kano sun hau ta wannan hanya, mutane ma sun hau, wasu da son ransu wasu a ɗaure, kuma ba wanda ya bar kiɗansa a gida. A zamaninmu sai hanyar ta ɗauki jita ta gangara da ita kudu.

A 1980 Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa da farin shekarun 1970 ya raba da dabbobinsu, su zo Libiya a ba su horon soja. Cikin waɗanda suka amsa akwai Ibrahim Ag Alhabib, wanda tun yana yaro ya haɗa wa kansa abin kiɗa da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Shi da abokansa ne suka zama Tinariwen, kuma a kaset waƙoƙinsu suka fara yawo hannu da hannu har Kidal da Agadas. Faifansu Tassili, da suka ɗauka a jejin Janet can bayan iyakar Gat, yawancinsa da jitar da ba ta da lantarki, ya ci kyautar Grammy a 2012. Mdou Moctar na yankin Tawa shi ma da wayar birkin keke ya fara, ya zo Libiya ƙwadago kamar yadda da yawanmu muka zo, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Mu kanmu Hausawa, marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zagaya duniya, ɗan gwangwani rufe da fata.

Hannun kiɗa dai Allah ya ba wannan yanki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akwatin. Yaron da ya iya haɗa abin kiɗa da gwangwani, da ya samu kuɗi sai ya sayi ta masana'anta, ya bar ƙira ke nan har abada. In ta tsage a cika ta da gam, ko a jefar. Alhali a wannan zaure akwai masu yin ƙofa da kabad da gadon amarya waɗanda hannunsu ya isa wannan aiki. Abin da ya rage musu shi ne sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin fuska.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Siririya ce, in ta kaɗa, iska zamewa take ta gefenta. Duk wanda ya taɓa jitar lantarki ba a jona ta ba ya san haka. Jaki, katakon da tsirkiyoyi suka hau a tsakiyar fuska, shi ke karɓar motsin ya miƙa wa fuska, fuska ta tura iskar waje, ta kuma matsa ta cikin akwati tana shiga tana fita ta baki, wato ramin da ke jikin fuskar. Don haka ana son fuska marar nauyi mai saurin motsi. To amma tsirkiyoyin ƙarfe shida in an ɗaure su daidai suna jan jaki da ƙarfin kilo 70 zuwa 80, dare da rana, shekara da shekaru. Na nailan wajen kilo 40. Allon da ke ɗauke da wannan ja kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, ga rami an huda masa, ga shi kuma taurinsa bin jijiya ya ninka na gicciye fiye da sau 10. Aikin haƙarƙari ke nan, ya hana fuska lotsawa a gaban jaki da kumbura a bayansa, ba tare da ya ɗaure ta ta kasa motsi ba. In ya yi yawa, jita ta yi ƙarko ta rasa murya. In ya yi kaɗan, ta yi daɗi shekara ɗaya ko biyu, sannan ciki ya ɓullo, jaki ya karkata ya ɗago.

Mutum biyu ne suka shata hanyoyin da ake bi har yau. Na farko Antonio de Torres, mutumin Almeriya a kudancin Sifen, an haife shi a 1817 ya rasu a 1892, kuma kafinta ne kafin ya koma ƙera jita. Ya faɗaɗa jiki, ya sirantar da fuska, ya jera haƙarƙari bakwai a baje a ƙasan baki. A 1862 ya ƙera wata da ya yi wa baya da gefe da kwali, fuska kaɗai ya yi da katako na gari, don ya nuna inda murya take. Tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Barselona. Wani limamin coci da ya san shi ya ruwaito cewa da aka matsa masa ya faɗi sirrinsa, sai ya nuna kan yatsunsa biyu, babba da manuni, da yake lanƙwasa allo da su ya ji ko ya kai. Na biyu C. F. Martin, Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1833. A shekarun 1840 gidansa ya soma gicciya manyan haƙarƙari biyu su haɗu a ƙasan baki, ƙafafunsu su bi ta ƙarƙashin jaki. Da tsirkiyar ƙarfe ta zama ruwan dare sai aka ga wannan gicciye ne ke iya ɗaukar janta. Kusan duk jitar ƙarfe da ke hannunku, ku leƙa da madubi, shi za ku gani. Gidan Martin yakan fafe tsakiyar ƙafafun gicciyen ya bar tudu nan da can, don fuska ta saki jiki. A 1944 suka daina, saboda makaɗa na sa tsirkiyoyi masu kauri fuska na kumbura. Ba su dawo da shi ba sai 1976, bayan makaɗa sun yi ta farautar tsofaffin jitocin kafin 1944. Shekara 32 ke nan babban gida yana auna tsakanin ƙarko da murya.

Kafin mutum ya ɗora cizal akwai lissafi ɗaya da nake so ya haddace. Kowane kafinta ya san falanki a kwance lanƙwasawa yake, in aka tsai da shi a kan gefensa sai ya ɗauki rufi. Ga adadin abin. In ka ninka faɗin haƙarƙari, taurinsa ya ninku sau 2. In ka ninka tudunsa, ya ninku sau 8. Yanzu juya lissafin. Haƙarƙari mai tudun milimita 10, ka fere milimita 1 kacal daga samansa: nauyin da ka rage kashi 10 cikin 100 ne, taurin da ka zubar kuwa kashi 27. Ka fere 2, kusan rabi ya tafi. Saboda haka mai son rage nauyi ya fere gefe, ya bar haƙarƙarin da tsini a sama. Mai son sassauta fuska ne ke taɓa sama, kuma gara ya taɓa da samfefa a kan cizal. Ita ma fuskar haka take: allo mai milimita 2.8 da mai 2.5 a ido ɗaya ne, a tauri bambancinsu ya kusa kashi 30. Abin da aka fere kuwa ba ya komawa.

Mu zo ga ƙwanƙwasa. Iyayenmu mata in za su sayi tulu sukan ɗaga shi su buga da yatsa. Mai lafiya ya yi ƙara ya ja ta, mai tsaga ya yi gum. Kunnen nan ake buƙata, sai dai a ƙara masa horo. Riƙo ne farko. Allo in yana kaɗawa akwai inda ke motsi sosai, akwai layukan da ba sa motsi ko kaɗan. In ka riƙe shi a inda yake motsi, ka kashe amon da hannunka, sannan ka ɗora wa katako laifi. A dogon allo layin da ba ya motsi yana wajen kashi 22 cikin 100 na tsawonsa daga kowane ƙarshe. Nan za ka kama da yatsa biyu, sako-sako, allon na reto, ka buga da tsokar yatsan tsakiya a inda jaki zai zauna. Kada ka fara da tambayar wane sauti ne. Fara da tsawonsa: ya mutu nan take, ko ya ja? Sannan ka ji ko tilo ne, ko akwai wasu a ƙarƙashinsa da samansa. Da an gama manna haƙarƙari ba a fere ba, ƙarar kan fito sama-sama, gajeriya, a ƙage. Kana ferewa tana sauka, tana buɗewa, tana ƙara jimawa, har wani gurnani ya shigo ƙasa-ƙasa. Matsa yatsanka ka buga hagu da dama da jaki, ka buga can wajen gindi. Inda ka ji a toshe, duba haƙarƙarin da ke ƙarƙashin wurin. Akwai iyakar da in ka wuce ta sautin zai ci gaba da sauka amma ya yi laƙwas, ya rasa haske, kuma ba mai gane iyakar nan sai wanda ke ajiye cizal ya saurara bayan kowace ferewa. Wuri biyu ba a taɓa su don neman murya: mahaɗar gicciye, da babban haƙarƙarin da ke kwance a saman baki, ƙarƙashin ƙarshen wuya. Su ke riƙe da ginin.

Sai dai kunne yana da iyaka, kuma masu ƙira sun yi saɓani sosai a kan wannan. Kunnen safe ba na yamma ba ne, ɗaki ma yana canja abin da ka ji. Babbar matsalar ita ce, allon da ke reto a hannunka gefunansa a sake suke. Da an manna shi a jikin akwati gefunan sun kafe, sautukan duka sun canja wuri. Shi ya sa ban yarda da masu cewa kowane allo a fere shi har ya faɗa kan wani sauti takamaimai ba. Ƙwanƙwasar sakakken allo tana gaya maka ko katakon na da rai, da ko ɓangarorinsa sun daidaita. Ba ta yi maka alkawarin muryar jita.

Tun 1787 wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya nuna yadda ido zai ga abin da kunne ke ji. Ya barbaɗa rairayi a kan faranti, ya goga masa bakan goge a gefe. Rairayin ya gudu daga inda ke motsi ya taru a layukan da ba sa motsi, zane ya fito. Carleen Hutchins ta Amurka, wadda ta rasu a 2009, ta shafe shekaru tana wannan gwaji a kan allunan gogen Turawa, ta bayyana shi a mujallar Scientific American a 1981. Yau duk mai waya da lasifika zai iya. Ka ɗora allon a kan 'yan guntayen soso, lasifika a ƙarƙashi, ka sa manhajar da ke fitar da sauti yana hawa a hankali. Rairayi ya yi wa allon jita nauyi. Busasshen ganyen shayi ya fi, kuma a Fezzan ba a rasa shi. In zanen ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tauri, ka san inda za ka kai samfefa.

Awon da na fi ba muhimmanci shi ne na bayan an rufe akwati an manna jaki. Trevor Gore da Gerard Gilet na Ostareliya sun ba shi babban matsayi a littafinsu na 2011. Ka danne tsirkiyoyi da ƙyalle, ka ajiye waya kamar taku ɗaya daga jita da manhajar da ke zana sauti, ka ƙwanƙwasa jaki sau da dama. Tudu biyu za su fito fili. Na ƙasa na iskar cikin akwati ne, yawanci tsakanin 90 da 110 Hz, wato kaɗawa 90 zuwa 110 a daƙiƙa. Na biyu na fuska ne, wajen 170 zuwa 230. Wanda ba shi da manhaja ya kai bakinsa kusa da bakin jita ya yi gunji ƙasa-ƙasa yana hawa a hankali. Inda akwatin ya amsa har ya ji shi a tafin hannu, nan ne sautin iskarsa.

A nan ne maganar ta zama tamu, kuma saboda ita na zo. Duk sautin tsirkiya da ya faɗa daidai kan ɗayan tuddan nan, fuska takan zuƙe ƙarfinsa a lokaci guda: ya fito da ƙarfi, bum, ya mutu. Ga makaɗin da ke yawo a kan gaɓoɓi, sauti ɗaya marar ja abin haƙuri ne. Kiɗan sahara ba haka yake ba. Babban yatsa na kan tsirkiya ɗaya ta ƙasa daga farkon waƙa har ƙarshenta, a kanta sauran ke kewayawa, kuma makaɗa da yawa, masu bin salon Ali Farka Toure na Niafunke da na Abzinawa, sukan ɗaga tsirkiya ta shida daga Mi zuwa Sol. Mi na ƙasa 82 Hz ne, Sol 98, Sol na tsirkiya ta uku kuma 196. Ku dubi lambobin da na ba ku ɗazu. 98 na tsakiyar inda iskar akwati ke zama, 196 na tsakiyar inda fuska ke zama. Ke nan jitar da aka ƙera wa wani kiɗa tana iya kashe ainihin sautin da namu ya dogara a kai. Makaɗi ya yi ta canja tsirkiya yana zargin mai shago, alhali maganar na cikin akwati. Ɗagawar kuma ba kyauta ba ce: tsirkiyar da aka kai daga Mi zuwa Sol janta ya ƙaru da kashi 41 cikin 100, a gefe ɗaya na jaki. Mai ƙera wa makaɗin nan jita ya san da haka kafin ya fafe ƙafar gicciye ta wannan gefen.

Maganin shi ne a kau da tudun ya zauna tsakanin sautuka biyu. Ƙasa da Sol da gaɓa ɗaya 92.5 ne, don haka 95 wuri ne mai kyau ga iska. Ga fuska kuma 190 ko 180. Kada a fara da cizal. Makaɗan taushi da kotso na fadojinmu sun daɗe da sanin hanyar: sukan manna nake a tsakiyar fata, nauyinsa ya saukar da murya, in ya yi yawa a rage. Kai ma yi haka. Manna ɗan danƙo ko tsabar kuɗi biyu a kan jaki ka sake aunawa, don nauyi na saukar da sautin fuska. Rufe gefen baki da ɗan kwali, don ƙanƙantar baki na saukar da na iska. In gwajin ya farfaɗo da sautin da ke mutuwa, ka san inda ka nufa. Sannan ka sa hannu ta baki da samfefa, ga madubi ga fitila, ka ɗan rage tudun ƙafafun gicciye a bayan jaki, ka ɗaure tsirkiya, ka bar ta ta kwana, ka sake aunawa. Saukarwa na da sauƙi, ɗagawa ce wuya. Shi ya sa ake rufe akwati fuska na ɗan sama da inda ake so ta tsaya.

Duk wannan wahalar banza ce in fuska ta tsage, kuma a Fezzan tsagewa ce babbar cuta. Masana'antu na haɗa jita a ɗakin da aka tsare laimarsa a kashi 45 zuwa 50 cikin 100. A nan da bazara, balle in iskar gibli ta taso, laima kan faɗi ƙasa da kashi 20. Haka hunturu yake a Agadas da Damagaram da Kano. Katako in ya bushe ta faɗi yake tsukewa, kuma fuska mai faɗin santimita 40 tana iya neman raguwa da milimita 2 ko 3. Haƙarƙari da jaki ba sa barinta, don jijiyarsu ta gicciye tata. Sai ta lotsa, tsirkiya ta sauko tana taɓa gaɓoɓi, bakin ƙarafan gaɓa su fito suna yankan hannu, ƙarshe ta tsage daga jaki zuwa gindi. Ƙwanƙwasa ma ba ta tsira ba, don allo ɗaya sautinsa na ranar bushi dabam ne da na ranar laima. Duk awon da aka rubuta ba a rubuta laimar ranar ba, rabin awo ne.

A nan mai ƙira na gida ya fi masana'anta. Katakon da ya shekara a shagonka a Sabha ya riga ya gama tsukewa. In ka manna haƙarƙari a bushe, jitar in ta je Kano da damina za ta kumbura, tsirkiya ta ɗan ɗaga, amma kumburi ba kasafai yake tsagawa ba, kuma yana komawa. Ka yi wa fuskar ɗan doro, ka manna ta a kan haƙarƙari masu ɗan lanƙwasa, don ta samu inda za ta sauka in ta tsuke. Masu jitar da aka shigo da ita kuwa, ku sa soso mai ɗan laima a ƙaramar roba mai huji, a cikin jakarta, a rufe. Kada a bar ta a rufaffiyar mota da rana, zafin na sa gam ya saki. In kun ƙwanƙwasa fuska kun ji wani wuri na karkarwa, haƙarƙari ne ya ɗago, a manne shi kafin a sake ɗaure tsirkiya. Jitar filawud da ke hannun yawancinku ba na raina ta. Ba ta tsagewa da wuri, ga mai kwana a jeji ita ce ta hankali. Sai dai ferewa ba za ta kai ta inda katako zalla ke kaiwa ba.

Saura maganar katako. Kututturen dabino, duk albarkarsa, zare ne cikin ɓargo mai laushi, ba ya yin fuska. Itatuwan ƙaya na kwaruruka suna da tauri da nauyi, za su yi jaki da allon gaɓa. Fuska tana son marar nauyi mai tauri, shi ya sa duniya ta tsaya a kan sifrus da sida na ƙasashen sanyi. Ba lallai sai an yi odarsu ba, don a cikin farin katakon gini da ake shigowa da shi daga Turai akan samu sifrus. Duba kan falankin: layukan shekara su kasance a tsaye, kusa da juna, babu idon reshe. In faɗin bai kai a yi fuska da ɓari biyu ba, a yi da uku ko huɗu; Torres kansa ya yi haka. Na baya da gefe da wuya kuwa, Afirka na cikin masu ciyar da masana'antun duniya, da sapele da dangin maɗaci da baƙin katakon Kamaru. Maɗacinmu ɗan'uwan mahogani ne, ya ɗan fi shi nauyi, kuma gidan Martin ya yi jita da fuskar mahogani tun 1922. Ina so in ga wani a cikinku ya gwada fuskar maɗaci, ya sirantar da ita fiye da ta sifrus. Kowane falanki da halinsa, don haka kada a kwafi kauri daga littafi. Ɗora allon a kan sanduna biyu, ka aza masa kilo 1 a tsakiya, ka auna yadda ya sunkuya, ka rage kauri har sunkuyon ya yi daidai da na allon da ya taɓa ba ka jita mai kyau.

Wanda zai fara, kada ya fara da sabuwa. Ya karɓi matacciya, ya ɓalle bayanta da wuƙa mai zafi, ya ga haƙarƙarin ido da ido. Ya ƙwanƙwasa ya fere, ya ƙwanƙwasa ya fere, ya wuce iyaka da gangan har ta yi laƙwas, don kunnensa ya san wannan sautin a kan abin da ba asara. Ya samu littafi ya riƙa rubuta irin katako, da kauri, da nauyin allo kafin haƙarƙari da bayansa, da sunkuyo, da laimar ranar, da lambobin tuddan nan biyu, da abin da makaɗi ya ce bayan wata shida. Kafinta kuma ya nemi makaɗi tun kafin ya yanka katako, ya tambaye shi a wane sauti yake ɗaure tsirkiyarsa ta shida.

Na zo da allo biyu, ɗaya haƙarƙarinsa ba a fere ba, ɗaya an fere, ga lasifika ga ganyen shayi. Bayan sallar la'asar duk mai so ya matso ya riƙe su da hannunsa. Kafintoci su fara, makaɗa su biyo da jitocinsu mu auna.